Littafin Lafiya Lau na Koci Lubwama

Duk wanda ya san Koci Lubwama a Masaka, da abu biyu ya san shi: usur a wuya, ɗingishi a ƙafar hagu. Usur ɗin ko biki za shi yana rataye. Ɗingishin kuwa, in ka kuskura ka ce masa sannu, sai ya harare ka ya ce, "Sannu da me? Lafiya lau nake, tafiyata ce haka." Shekara tara ke nan yana koyar da ƙwallon kwando a makarantar 'yan mata ta kan tudu, kuma a shekara taran nan ko murfin kofin gasa bai taɓa kawowa gida ba.

Filin da suke wasa siminti ne sumul, rana na dukansa tun daga fitowarta har faɗuwarta. Nan kuma gizo ke saƙar. Makarantar tana da gonar gahawa a gangare, kuma duk wanda ya taɓa noman gahawa, in ya ga siminti mai shan rana, ba ƙwallo ke faɗo masa a rai ba. Shugabar makarantar, Madam Nansikombi, ta daɗe tana yi wa filin nan kallon da kura ke yi wa akuya. Ranar wata Litinin ta aika aka kira shi ofis.

"Koci, ina kwana?"

"Lafiya lau, Madam."

"Ya ƙafa?"

"Lafiya lau."

"Madalla. Zauna dai, ko da lafiya lau ɗin ce." Ta cire tabarau ta ajiye. "Nan da wata biyu za mu fara tsinkar gahawa. Bara a ƙasa muka shanya, rabi ta yi fumfuna, kaji suka yi abin da suka ga dama a kan sauran. Ga fili can, yara goma sha biyu suna ta tsalle a kansa kamar fara, shekara tara, ba mu ga komai ba."

"Madam, ai gini muke yi. Sannu a hankali..."

"Ko ginin coci ne ai da yanzu an ga bango. Magana ɗaya ce. Ƙarshen wata mai zuwa za a kammala gasar gunduma. Ka kawo mini kofi in ɗora a kan kabad ɗin nan, in ci gaba da faɗa da kaji. In ba ka kawo ba, fili ya zama na shanya. Sandunan nan biyu ma za su yi daɗin ɗaura igiya."

Ya fito ransa a ɓace matuƙa. Filin nan shi ya bi iyayen yara gida-gida da ɗingishinsa har aka zuba shi, shi ya ja layukansa da fenti, shi yake share shi in an yi ruwa. Ya fi son ya ji an ce a rushe ɗakinsa.

A makon ne aka kira masu horar da yara taron kwana biyu a Kampala. Mai jawabin wata likita ce matashiya, wadda a ganin Lubwama usur ɗinsa ma ya girme ta. Amma da ta fara magana sai ya gyara zama. Ta ce jikin yaro ba na jaki ba ne. Kullum da safe a san yadda ya yi barci, da gajiyarsa, da ciwon jikinsa, da yadda ransa yake, a ba kowanne maki daga ɗaya zuwa biyar. In maki ya yi sama, a ƙara atisaye. In ya yi ƙasa, a rage, a bar jiki ya huta, don a lokacin hutu ne ƙarfi ke shiga. Lubwama ya rubuta "a ƙara atisaye" da manyan baƙaƙe, ya ja layi biyu a ƙarƙashi.

Daidai nan ƙamshin capati, wainar fulawar nan, ya shigo ta taga. Jiya ya yi nawa, ruwan shayi kawai ya tarar, yau kuwa ya rantse ba za a maimaita ba. Ya sulale ta ƙofar baya. Yana can yana cika faranti likitar ta faɗi abin da ta ce shi ne kan maganar: kada koci ya kuskura ya yi tambayoyin nan da bakinsa. Takarda za a ba kowace yarinya ta cike ita kaɗai, ta jefa a akwati. Lubwama dai ya samu capati uku.

Ya dawo da sabon littafi mai bango ja, ya ja masa layuka da rula. Washegari, tun kafin a buga ƙararrawar kunu, ya jera 'yan wasansa a bakin fili, ya tsaya gabansu da biro kamar mai ƙidayar jama'a.

To mu nan, 'yar gidan mutunci in babba ya tsaya gabanta, gwiwa biyu take kaiwa ƙasa. In kuma ya tambaye ta kwana, ko a kan ƙaya ta kwana amsar ɗaya ce. Ta farko a layi ita ce Nabatanzi, kyaftin, doguwa sambal, wadda ke zura rabin ƙwallayen ƙungiyar. Kakarta ce ta raine ta, tsohuwar da ko sauro ya cije ka a gabanta sai ka nemi izini kafin ka sosa. Ta durƙusa.

"Nabatanzi, ya barci?"

"Lafiya lau, Koci."

"Gajiya fa?"

"Ba gajiya, Koci."

"Ciwon jiki?"

"Babu, mun gode Allah."

"Ranki fa, da daɗi?"

"Da daɗi sosai, Koci."

Biyar, biyar, biyar, biyar. Haka ta biyu, haka ta uku, har aka zo kan Zawedde, 'yar ƙarama mai baki kamar reza, wadda ke rarraba ƙwallo a tsakiyar fili. Ita ta fara cewa, "Koci, gaskiya cinyata..." Sai Nabatanzi ta waiwayo ta yi mata wani kallo. Zawedde ta haɗiye sauran. "...cinyata ma lafiya lau take."

Lubwama ya dubi shafin, biyar reras daga sama har ƙasa, ya ji wani daɗi ya ratsa shi. Ashe shekara taran nan lallaɓa su yake yi! Ashe dawakai yake kiwo bai sani ba! Ranar ya mai da zagayen fili daga goma zuwa ashirin. Kwana uku littafi bai motsa daga biyar ba, sai ya ƙara tsallen kwaɗo. Mako na zagayowa ya ƙara hawan tudu daga rijiyar burtsatse, kowace da jarkar ruwa a hannu. Atisaye ya tashi daga sau ɗaya a rana ya koma biyu, ranar Asabar uku.

"Kowa ya ci zomo ya ci gudu!" haka yake ihu yana busa usur. "Ba ni na ce ba, littafi ne ya ce kuna da sauran ƙarfi!"

A ɗakin malamai, malamin lissafi ya kawo ƙara. Ya ce ya kira Zawedde ta yi aiki a allo, ya juya ya duba littafin wata, yana waiwayowa ya tarar ta jingina goshi da allo tana minshari, alli a hannu. Lubwama ya zaro jan littafi ya buɗe masa a hanci.

"Duba nan. Zawedde, barci, biyar. Jiya biyar, shekaranjiya biyar. In yarinya ta ƙoshi da barci ta zo ajinka ta ƙara, malam, sai ka binciki darasinka."

Aka yi dariya, malamin lissafi ya tattara takardunsa ya fita yana ƙunƙuni.

Sai aka buga wasan gwaji da wata makarantar jeka-ka-dawo, yaran da ko takalmi iri ɗaya ba su da shi. Aka lallasa 'yan matan Lubwama lilis. Ƙwallo ta zo, hannu bai tashi ba sai ta wuce. Nabatanzi, wadda a da in ta yi tsalle sai ka ce ba za ta sauko ba, ta koma ɗaga dunduniya kawai. Lubwama ya zauna ya yi nazari mai zurfi. Jiki dai lafiya, ga shi a rubuce. Ke nan lalaci ne. Maganin lalaci kuwa an san shi. Ya ƙara jarka ta biyu.

Ana saura kwana goma sha biyu a fara gasa, Mama Nabbosa, mai kula da ɗakunan kwanan ɗalibai, ta tare shi a bayan kicin. Tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno tana taya masu girki ɓare matoke, ɗanyar ayabar dafawa, wuƙa na tafiya ko kallonta ba ta yi. Ta girme shi da kusan shekara ashirin, kuma ba ta taɓa kiran sa Koci ba.

"Lubwama, zo nan. Ina kwana?"

"Lafiya lau, Mama."

"Ya ƙafa?"

"Lafiya lau."

"To buɗe littafinka ka rubuta wa kanka biyar."

Ya tsaya sororo. Ta jefa ayaba a cikin roba.

"Tun daga ƙofar makaranta nake hango ka kana jan ƙafar nan kamar an ɗaura maka turmi. Na tambaye ka, ka ce lafiya lau. Kai da gemunka ke nan. Sai 'yar shekara sha shida ce za ta dubi tsabar idon malaminta ta ce masa ba ta yi barci ba? Gidan wa aka yi mata wannan tarbiyyar?"

"Mama, ai wannan ba gaisuwa ba ce, ilimi ne. Daga Kampala..."

"Kampala ta ci gidansu. Bari in ba ka nawa ilimin. Shida daga cikin 'ya'yanka sun sauko da katifunsu ƙasa, don ba sa iya hawa gadon sama. Matakala da baya-baya suke saukowa. Man zafin da nake ajiyewa don bayana sun shafe shi tas. Jiya an zuba posho, tuwon masarar nan, da wake, Nabatanzi ta bar rabi. Nabatanzi fa, wadda ke lashe kwano har ya yi ƙara! Ta kwanta kuma ba barci, sai juyi. In an yi musu magana kaɗan sai kuka. Kai kana can kana tara biyar-biyar kamar mai tara ƙwai."

"To in ba su faɗa ba, ta yaya zan sani?"

"Baki an koya masa ladabi. Gwiwa ba wanda ya koya mata. Gobe in sun durƙusa, ka rufe kunnenka ka buɗe idonka, ka ga yadda suke tashi."

Washegari ya zo da littafin, amma bai buɗe ba. Suka durƙusa, ya yi tambayoyinsa, suka ba shi lafiya lau ɗinsa. Sannan ya ce su tashi, ya fara ƙirge a zuci. Wayyo! Wata ta dafa ƙasa, wata ta dafa kafaɗar ta kusa da ita, ita ma ta kusan tana neman abin dafawa. Wata ta ɗago baya tukuna, kai ya biyo daga baya, kamar saniya. Nabatanzi sai da ya ƙirga tara kafin ta miƙe, tana murmushi, haƙoranta a cije. Mako uku ke nan ana yin haka a gabansa kullum, shi kuwa kansa na cikin littafi yana gyara cikin biyar. Kunya ta kama shi, tsoro ya biyo baya.

"Ku ajiye jarkokin nan," ya ce. "Kowa ta kwanta."

Suka dubi juna.

"Na ce ku kwanta! A nan, a kan fili. Atisayen yau ke nan. Duk wadda na ga ta motsa, zagaye... a'a, ba zagaye. Ku kwanta dai."

Ba a yi minti biyar ba fili ya ɗauki minshari. Can sai ga Madam Nansikombi ta biyo ta wurin za ta gona. Ta tsaya ta ƙare wa yara goma sha biyu kallo, a baje a kan siminti, hantsi na dukansu.

"Koci, ashe har ka fara shanyar? Da ka faɗa mini ai da na aiko maka da manjagara ka riƙa juya su."

"Ilimi ne, Madam."

"Na gani. Allah ya ƙara basira."

Kwana uku ba a taɓa ƙwallo ba. Ya roƙi masu girki su ƙara wa yaran wake, ya kai wa Mama Nabbosa sabon man zafi da ban haƙuri. Daga nan ya dawo da atisaye sau ɗaya a rana, kuma tashin safe ne ke yanke yawansa: wadda ta miƙe kafin ya ƙirga uku ta yi cikakke, wadda ta kai biyar ta yi rabi, wadda ta wuce haka ta zauna a inuwa ta riƙa jifan kwando daga zaune. Ya buɗe sabon shafi a littafin. Bai dai je ya ba malamin lissafi haƙuri ba, wannan kam ya ce sai an ci kofi.

Amma yara ba wawaye ba ne. Cikin kwana huɗu suka gane leɓensa na motsi in suna tashi. Zawedde ta fara tashi kamar 'yar shekara casa'in, tana nishi, tana kiran sunan kakanninta. Ya ƙirga mata goma sha ɗaya, ya tura ta inuwa cike da tausayi. Ana buga ƙararrawar abinci ya ga wani abu ya wuce shi fuu, ya tsallake kwata, ya riga kowa isa layi.

"Zawedde! Ba ke ce ba ki iya tashi ba ɗazu?"

"Koci, ikon Allah ne. Ina jin ƙamshin wake na warke."

"Gobe ma Allah zai yi ikonsa, a zagaye goma."

Wannan mai sauƙi ce. Mai wuyar ita ce Nabatanzi, don ita nata wayon a juye yake. Tunda ta gane jinkiri na kai mutum inuwa, sai ta riƙa zabura tun yana kan ɗaya, fuskarta ba yabo ba fallasa. Lubwama ya ji daɗi, ya ce kyaftin ta dawo. Gaskiya kuma ƙungiyar ta dawo. Ƙafafu suka yi sauƙi, dariya ta dawo ɗakin kwana, katifu suka koma gadon sama. Suka ci wasan farko, suka ci na biyu, suka haɗu da 'yan jeka-ka-dawon nan suka rama har da ƙari. A wasan kusa da na ƙarshe Nabatanzi ta zura ashirin da biyu ita kaɗai. Sau ɗaya ta sauko daga tsalle ta ɗan tsaya, ta yi kamar tana gyara safa. Lubwama ya gani, amma yana son kofin nan, sai ya ce wa kansa safa ce.

Ranar Asabar ta wasan ƙarshe, filin cikin gari ya cika. Masu babur sun jera a bakin shinge, iyaye sun zo da lema, Madam Nansikombi na zaune a layin gaba da jakarta a cinya. Kafin a fara, yaran suka jeru a gefe suka durƙusa yadda aka saba. Ya ce su tashi. Goma sha ɗaya suka miƙe zumbur. Nabatanzi ta tsaya a ƙasa tana ɗaure igiyar takalmi.

Ya dubi takalmin. A ɗaure yake tamau. Kwancewa take yi tana sake ɗaurewa, kuma duk nauyinta a kan gwiwar hagu yake, ta dama ko taɓa ƙasa ba ta yi sosai ba.

"Nabatanzi, ya jiki?"

"Lafiya lau, Koci."

"Gwiwa fa?"

"Lafiya lau, Koci."

Ya dubi kwandon, ya dubi teburin da aka ɗora kofi yana sheƙi, ya dubi Madam. Ba wanda zai zarge shi. Ya tambaya, an ba shi amsa, ga shaidu goma sha ɗaya. In ta buga, ko da ƙafa ɗaya ce, yana da yaƙinin za su ci. Wallahi sai da ya kai usur bakinsa.

Sai ya sake shi. Ya dafa kafaɗar Zawedde, ya lanƙwasa ƙafar nan ta hagu da ta shekara ashirin da biyu ba ta lanƙwasu da daɗi ba, ta yi ƙas, ya kai gwiwa biyu ƙasa a gaban ɗalibarsa. Namiji, malami, mai furfura a gemu, a gaban jama'ar Masaka! Wata mata a cikin 'yan kallo ta ce, "Yesu!" Wani mai babur ya ce ko aurenta zai nema. Nabatanzi ta rikice, tana neman yadda za ta ƙara yin ƙasa, ba sauran ƙasa.

"Koci, don Allah ka tashi, mutane na kallo."

"Ko ina so ba zan iya ba. Yanzu ke ki tambaye ni. Ki ce, Koci, ya gwiwa?"

"Koci..."

"Tambaye ni!"

"Ya... ya gwiwa, Koci?"

"Ciwo take yi. Jiya ta yi, yau tana yi, kullum sai ta tashe ni daga barci. Ina ɗan shekara sha tara, a Kampala, na fi ki tsalle. Mako biyu tana yi mini ciwo, kullum mai horar da mu sai ya tambaye ni, kullum in ce lafiya lau, don uwata ta yi mini tarbiyya, kuma ina son in buga. Na buga. Ana cikin wasa na ji ɓas, kamar an karya busasshen kara. Daga ranar ban ƙara tsalle ba. Ban taɓa faɗa wa kowa ba sai ke. To na faɗi tawa, saura ke."

Ta sunkuyar da kai. Hawaye ya ɗiga a kan takalmin. A hankali ta ja doguwar safar ƙasa. Gwiwar ta kumbura suntum, ta yi kamar gwanda.

"Tun ranar Laraba," ta ce. "Ba na iya barci. Amma Koci, in ban buga ba za su karɓe maka filinka."

"Fili siminti ne, 'yata. Ana zuba wani. Wannan kuwa guda biyu aka ba ki, kuma ba a sayar da ita a kasuwa. Benci za ki zauna."

Ya yunƙura zai tashi, ƙafa ta ce ba ta san zancen ba. Sai da yara biyu suka kama hannuwansa, Mama Nabbosa ta cafki bel ɗinsa ta baya. Zawedde kuwa ta koma gefe tana ƙirgawa da ƙarfi, duk fili na ji.

"...goma sha biyu, goma sha uku, goma sha huɗu! Koci, kai ma yau inuwa za ka zauna."

Har Nabatanzi sai da ta yi dariya cikin kuka.

Sun buga, kuma ba wanda zai ce ba su buga ba. Ƙafafunsu da ƙarfi har ƙarshe, Zawedde ta riƙa bi ta ƙarƙashin hammatar dogaye kamar ɓera. Nabatanzi na benci da ƙanƙarar da aka roƙo wurin mai sayar da lemo, tana ihu har muryarta ta dishe. Amma tsawo tsawo ne, duk ƙwallon da ta dawo daga kwando hannun abokan hamayya take faɗawa. Aka tashi arba'in da ɗaya da talatin da bakwai. Lubwama ya tsaya ya kalli yadda wasu ke ɗaga kofin, ya yi musu tafi, zuciyarsa na ƙuna.

Madam Nansikombi ta zo ta tsaya kusa da shi. Ta ce abin da ya yi ta gani, kuma da 'yarta ce a ƙasan nan da haka za ta so a yi. Sannan ta ce ranar Litinin za a fara kawo buhuna. Mace ce mai magana ɗaya, ba a taɓa jin ta da biyu ba.

Haka aka baje gahawa a kan layukan da ya ja da hannunsa, ja da baƙa, daga wannan sanda zuwa waccan. Ƙungiyar ta koma bayan kicin, a kan jar ƙasa, da ƙarfen tayar keke da aka kafa a jikin mangwaro. Likita ya ba Nabatanzi hutun mako shida, ya ce Allah ya taimake ta da ba ta buga ba. Lubwama kuwa, da yake ba wanda ya kai shi sanin filin, shi aka roƙa ya riƙa sa ido a kan shanyar da safe. Usur ɗin da ya horar da 'yan wasa shekara tara ya koma korar kaji.

Wata safiya, bayan mako shidan sun cika, yana tsaye a bakin siminti yana hararar wani zakara, sai ga Nabatanzi ta taho, tafiyarta sambal ba ko ɗingishi, da kujera a hannu ɗaya. Ba ta durƙusa ba, don ya hana ta sai likita ya yarda. Ta ɗan rusuna, ta zare jan littafin daga hammatarsa, ta buɗe sabon shafi.

"Koci, ina kwana? Ya gwiwa?"

"Lafiya l..."

Ta yi masa irin kallon nan da ta taɓa yi wa Zawedde. Ya dubi zakara, ya dubi gahawar da ke kwance a kan filinsa.

"Biyu," ya ce. "Jiya ma ɗaya ce."

"Ni huɗu." Ta rubuta duka biyun, nata a sama, nasa a ƙasa, sannan ta ajiye masa kujerar a inuwa. "Littafi ya ce ka zauna. Ba ni usur ɗin, ni zan ji da kajin."

Ya cire shi daga wuyansa ya miƙa mata, ya zauna, ya miƙe ƙafar.